Tambaya da Amsa: Fari ko ambaliya, wanne zamu kama?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni ɗan uwanka ne daga Kusiri a arewacin Kamaru, ina noman masakwa ina kuma ɗan taɓa sana'ar kifi. Tun muna yara ake ce mana Tafkin Chadi ya ƙafe hamada na tahowa, rediyo kullum canjin yanayi canjin yanayi, toh amma mu abinda muka gani a 2022 da 2024 ruwa ne Malam, ruwa har cikin ɗaki, kogin Logon ya cika ya batse muka kwana a tudu da yara. Yanzu wanne zamu kama, fari ko ambaliya? Ni gani nake su kansu masanan basu sani ba kame-kame kawai suke. Sannan tarukan nan da manyan ƙasashe keyi duk shekara, akwai ranar da zasu daidaita ko dai yawon otal ne?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya mayar muku da alheri, ya kiyaye gaba. Tambayarka biyu ce a ƙunshe ɗaya, bari mu kwance.

Kaga ungozoma? In ta duba mace zata ce maka ciki ne babu tantama, amma in ka matsa mata ta faɗi rana da sa'a zata ce sai Allah. Rashin sanin ranar bai mayar da cikin ƙarya ba. Toh haka masanan nan suke. Cewa duniya na ɗumama kuma hayaƙin man fetur da gawayin ƙasa da gas ne sanadi, wannan an wuce gardamarsa, tun 1896 wani ɗan Suwidin mai suna Arrhenius ya lissafa cewa iskar kabon in tayi yawa zafi zai ƙaru. Kafin zuwan masana'antu iskar tana kashi 280 cikin miliyan, yanzu ta haura 420, kuma aunawa ake ba ƙiyasi ba. Kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda mu nan masu Faransanci muka sani da GIEC, ya faɗa ƙarara a rahotonsa na 2021 cewa hannun ɗan adam ne, zafin ya ƙaru da kusan digiri 1.1, sai ga 2024 tazo ta zama shekara mafi zafi tunda aka fara rubutawa.

Inda suke da shakka shine nawa, kuma ina. In kabon ya ninka biyu suna cewa zafi zai ƙaru tsakanin digiri 2.5 zuwa 4, kaga ai da tazara, kuma gajimare ne yafi rikita musu lissafi don wani yana tare rana wani yana riƙe zafi. Sai kuma babbar matsalar da ta shafe mu kai tsaye, damina a Sahel. Gaskiya anan lissafin kwamfutocinsu basa jituwa sosai, da yawa suna nuna wajen Senegal zai ƙara bushewa, tsakiyar nan wajenmu ya ƙara samun ruwa, wasu kuma su saɓa. Don haka da kace akwai kame-kame, a wannan gaɓar baka yi ƙarya ba.

Amma ruwan da ya shigo maka ɗaki bai ƙaryata su ba fa. Iska mai zafi tafi ɗaukar danshi, kowane digiri ɗaya kusan kashi 7 cikin ɗari, shiyasa sai a yi makonni ba ɗigo shuka na ƙonewa, rana ɗaya kuma sama ta zazzago ruwan wata guda, ƙasa ta bushe ta ƙi sha, sai mayo, wato rafi, ya taso. Fari da ambaliya uwarsu ɗaya.

Batun tafki kuma, abinda dattawa suka faɗa gaskiya ne. A 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, farin 1973 ya raba shi gida biyu, na 1984 ya ƙarasa, ya rasa wajen kashi 90 cikin ɗari. Sai dai ƴan jarida sun tsaya a tsohon hoto, alhali tun shekarun 1990 ruwa ya ɗan dawo musamman ɓangaren kudu. Tafki ne mara zurfi, kuma kusan duk ruwansa kogunan Shari da Logon ke kawowa daga kudu, wato ruwan saman da aka yi a Afirka ta Tsakiya da tudun Adamawa shi kake gani a ƙofar gidanka bayan wata biyu.

Tarukan kuwa, hmm. An fara a Rio 1992, aka yi yarjejeniyar Kyoto 1997 Amurka taƙi amincewa, Kanada ma ta fice daga baya. A Kopenhagen 2009 masu kuɗi suka yi alƙawarin dala biliyan 100 duk shekara zuwa 2020, basu cika ba sai 2022, shima da yawansa bashi ne. Yarjejeniyar Paris ta 2015 ita ce kusan kowa ya sa hannu, a riƙe zafi ƙasa da digiri 2, in da hali 1.5, amma kowace ƙasa ita ke yanka wa kanta abinda zata yi, kuma babu alƙali babu tara in ta saɓa. Trump ya fitar da Amurka, Biden ya mayar, Trump ya dawo a 2025 ya sake sa hannun fita. A Baku 2024 aka ce biliyan 300 a shekara zuwa 2035, ƙasashe matalauta suka tashi suna ƙorafi don sun nemi fiye da tiriliyan. Afirka gaba ɗaya hayaƙinta bai kai kashi 4 cikin ɗari ba, Sin kaɗai kusan kashi 30.

Kada kace basu taɓa daidaitawa ba, a 1987 a Montreal an haɗu an hana iskar firij mai huda rufin sama kuma ya yi aiki, saboda akwai madadi kuma ba cikin kowa ta taɓa ba. Man fetur kuwa tuwon kowa ne, mu kanmu nan tun 2003 man Doba na Chadi ke bin bututu zuwa Kribi a gaɓar tekun Kamaru, wane gwamnati zata ce a rufe? Kuma a taron sai kowa ya yarda ake zartarwa, ƙasa ɗaya mai ƙarfi ta noƙe shikenan an rage wa takarda gishiri.

Ni a ganina takarda zasu cigaba da sa mata hannu, kuɗin ne zai riƙa zuwa kaɗan kuma a makare. Abinda yafi bani fata ma kasuwa ce, farashin farantin sola ya faɗi da wajen kashi 90 cikin ɗari daga 2010 zuwa 2020, je kasuwar Marwa ko Garwa kaga yadda ake lodinsa a moto. Kai kuma ɗan uwa, Logon yafi cika a Oktoba zuwa farkon Nuwamba ko da ruwan sama ya ɗauke a Kusiri, don haka buhunan hatsi da irin masakwa a ɗaga su tudu tun Satumba. In kunyi girbi ka rubuto mana yadda bana ta kasance.