Amsa: Wasan kwamfuta a waya ba tare da cin data ba

Malam, ka ce kwamfutarka tana falo a gidanku nan Gusau, kana so ka riƙa buga wasanninta a wayarka daga ɗaki, amma kana tsoron ta cinye maka data. Kwantar da hankalinka. Muddin na'urorin biyu suna kan rauta ɗaya, hoton wasan daga kwamfuta yake zuwa rauta, daga rauta ya shiga waya, bai fita intanet ba.

Ni shawarata, ka sa manhajar Sunshine, mai tura hoton wasan, a kwamfutar, ka sa manhajar Moonlight, mai karɓar hoton, a wayar. Dukkansu kyauta ne, saukewa kaɗai za ta ci data. Da ka buɗe Moonlight zai gano kwamfutar, ya nuna maka lamba huɗu, sai ka shigar da su a shafin Sunshine. Manhajar Steam Link ma tana yin wannan aikin, idan wasanninka na Steam ne, wato shagon wasannin kwamfuta na intanet.

Inda mutane suka fi shan wahala shi ne Wi-Fi. Ƙananan MiFi da yawa zangon Wi-Fi na 2.4GHz kawai suke da shi, wanda bai kai na 5GHz sauri ba, shi ya sa hoto ke daskarewa, ka danna maɓalli sai daga baya ɗan wasan ya motsa. Ka nemi rauta mai 5GHz, ka jona kwamfutar da ita da kebul. Sai dai 5GHz ba ya ratsa bango sosai, balle bangon bulo biyu ko uku. A saitin Moonlight, ka fara da ingancin hoto na 720p a kan saurin turawa na 10Mbps, in ka ga ya zauna sai ka ɗaga zuwa 1080p a kan 20Mbps.

Kwamfutar ce ke ɗaukar nauyin aikin duka, don haka a zafin Afrilu ka ɗora ta inda iska ke ratsawa, kada ka ajiye ta a kan katifa. Rautar ma ka sa ta a inbata, don in aka ɗauke wuta nan take wasan zai yanke.