Gonata jigawa ce, taki ba ya zama a cikinta

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da gonar gado a wajen Darazo, ƙasarta jigawa ce mai rairayi. Bara na zuba takin zamani buhu biyu, geron ya yi kore shar na 'yan makonni sannan ya koɗe, ciyawar wuta-wuta kuma ta mamaye shi. Shin in ƙara yawan takin ne bana?
Daga wani manomi, Darazo, Jihar Bauchi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka ƙara buhu tukuna. Bayan an yi ruwa ka damƙi ƙasar gonarka, za ka ga ta wargaje da zarar ka buɗe hannu, kuma yadda ta kasa riƙe kanta haka take kasa riƙe danshi, sai ruwan ya nutse da takin zamaninka, irin su yuriya, zuwa inda saiwar ƙaramin gero ba ta kai ba. Ka yi ɗiban ruwa da kwando ke nan.

Abin da jigawa take nema shi ne ruɓaɓɓen taki: kashin shanu da na awaki, sharar turke, da ƙaiƙayi. Ka tara su a rami tun rani, kana yayyafa ruwa kana juyawa har su yi baƙi su daina zafi. Idan amalanke ɗaya kawai ka samu, kada ka watsa shi ko'ina ya ɓace. Ka zuba cikin tafi biyu a kowane ramin shuka, kamar yadda manoman Nijar suke yi a ramukan tassa, wato ƙananan ramukan shuka masu tara ruwa da taki. Idan da makiyaya kusa, ku daidaita shanunsu su kwana a gonar bayan girbi.

Ina baƙin ciki duk lokacin da na ga hayaƙin kara a gonaki gab da damina, domin karan nan shi ne rigar da ke kare ƙasa daga iska da rana. Haka ma gawo, wanda yake zubar da ganye da damina ya bar wa shuka haske. Idan ya tsiro maka, ka raine shi.

Yuriyar kuwa ka raba ta biyu, rabi a mako na 3 bayan shuka, rabi a mako na 6, ka binne ta a gefen shuka lokacin da ƙasa take da danshi. Wuta-wuta alamar gajiyar ƙasa ce, saboda haka ka tuge ta kafin ta yi fure, sannan ka ba gyaɗa ko wake ɓangaren da ta fi yawa. Zafin ƙasarmu yana cinye takin gargajiya da sauri, don haka sai ka sake zubawa kowace shekara, kuma za a ɗauki damina biyu ko uku kafin ka ga ƙasar ta fara duhu.