Gaid ɗaya ce ta karye, me ya sa ba za mu canza ta kawai mu rufe ba?

Jiya da muka buɗe gaban tsohuwar Hilux ɗin nan mai injin 22R ka ce da ni: "Oga, tunda robar gefe ɗaya ce ta karye, sarƙar taimin kuma ba ta tsinke ba, me zai hana mu sa sabuwa mu rufe? Sai mun sauke botom filet kuma?" Lokacin hannuna yana cikin mai, shi ya sa na ce ka bari sai mun zauna.

To yaro, ɗauko ɓaraguzan da ka tsinto ka jera su a kan benci kusa da sabuwar gaid ɗin, wato robar da sarƙar taimin ke bi ta jikinta don kada ta yi lilo. Sun kai tsawonta? Ba su kai ba. Ina sauran? Robar nan ba ta narkewa a cikin baƙin mai, ba ta kuma fita ta salansa. Ƙasa ta gangara, tana kwance a botom filet, kaskon da baƙin mai ke taruwa a ƙasan inji. A can ne bututun da famfon mai ke zuƙo mai yake, bakinsa da rariya. Da an tayar da inji, mai zai kwaso gutsattsarin ya manna su a rariyar. Mota a tsaye ba za ka ga komai ba. Sai mai ita ya hau titi ya taka, inji yana neman mai da yawa, rariya ta toshe, fitilar mai ta kama, kafin ya gangara gefe metal, ƙarafan da karanshaf (babbar sandar ƙasan inji da fistan ke juyawa) ke kwance a kansu, sun sha wuta. Ba zai ce roba ce ba. Cewa zai yi mu muka kashe masa inji, kuma da gaskiyarsa. Don haka botom filet sai ta sauka, a wanke ta, a ciro bututun a duba rariyar a hasken rana. Na san aikin da ciwon wuya, shi ya sa kake neman hanyar kauce masa. Ni ma na nema ina kamarka.

Sai maganar sarƙa. Ka ce lafiyarta lau don ba ta tsinke ba. Sarƙar taimin, wadda ke haɗa juyin ƙasan inji da na sama, ba kasafai take tsinkewa ba, tsawo take ƙarawa. Kowace gaɓa da ɗan ƙarfen da ke riƙe da ita, yau da gobe yana cinyewa, kaɗan nan kaɗan can, idan ka haɗa duka sai ka ga sarƙa ta saki. Tenshina ce ke tura ta ta miƙe, ita kuwa da ƙarfin mai take aiki. Da safe kafin mai ya hau, sarƙar a sake take, sai ta riƙa marin gaid. Wannan shi ne kar-kar-kar ɗin da mai motar ya ce yana ji na 'yan daƙiƙu idan ya tayar, daga nan ya yi shiru. Ita kuma robar zafi da tsohon mai sun riga sun gasa ta shekara da shekaru. Ka gwada lanƙwasa guntun da ke hannunka, za ka ji ya ce ƙas kamar busasshen kara. Ka ga ke nan gaid ba ita kaɗai ta kashe kanta ba. Ka sa sabuwa a ƙarƙashin tsohuwar sarƙa da gajiyayyar tenshina, ka kashe maciji ba ka sare kansa ba. Saiti ake canzawa: sarƙa, gaid biyu, tenshina, da masu haƙoran nan na sama da ƙasa. Duba haƙoransu ma, sun fara tsini suna karkata gefe guda. Sil ɗin gaban karanshaf, robar da ke hana mai tsiyaya, shi ma a sa sabo tunda an riga an buɗe.

Yanzu juya murfin taimin ɗin ka shafa cikinsa da yatsa. Ka ji layi biyu da suka zurma? Sawun sarƙa ne. Da gaid ta tafi, alminiyon murfin ta koma ci. A 22R, bayan wurin nan hanyar ruwa ce. Idan ta huda, ruwan lagireto zai shiga cikin mai, mai ya koma fari-fari mai kumfa, wani ya rantse gasket ɗin tof silinda ne, wato na kan inji, ya canza, matsala tana nan. Wannan dai bai huje ba, amma ya yi siriri, ba zan mayar da shi ba. Na farko-farkon injinan nan sarƙa mai layi biyu suke da ita, gaid ɗinsu da ƙarfe a baya. Waɗanda suka biyo baya ne suka zo da layi ɗaya da roba zalla. In an samu mai bayan ƙarfe mai kyau, ita nake sawa.

Wajen haɗawa ba na son gaggawa. Fistan na ɗaya ya kasance a can ƙololuwa, bawul ɗinsa biyu a rufe. Karanshaf zagaye biyu yake yi kafin kamshaf, sandar sama mai buɗe bawul, ya yi ɗaya, saboda haka makin ƙasa kaɗai bai isa shaida ba, sai ka ga na sama ma ya zauna. Da zarar sarƙa ta fita, kada ka juya ko ɗaya cikinsu. Gaɓoɓin nan masu haske na sabuwar sarƙa su hau kan ɗigon da ke jikin masu haƙora, sama da ƙasa. Haƙori ɗaya ka kuskure, mota ba ƙarfi. In kuskuren ya yi yawa fistan ya gaisa da bawul, garin gyaran gira mu rasa ido.

Af, ka tuna bol ɗin da ya hana murfin fita jiya, wanda ke ɓoye cikin kwantaccen mai a gaban tof silinda, har ka ɗauko sukundireba za ka ɓanɓare? Da ka danna, da ka fasa. Kada ka manta da shi wajen mayarwa. Sauran kuma tsawonsu ba ɗaya ba ne, shi ya sa na sa ka soke su a jikin kwali yadda suka fito. Na tenshina da na gaid da sufana mai awo za ka ɗaure, gwargwadon abin da littafin injin ya ce, ba da ƙarfin damtse ba.

Kafin a rufe, cire filogi duka, ka sa sufana a karanshaf ka juya da hannu zagaye biyu cif, ta inda inji ke juyawa. In ka ji ya cije, tsaya, kada ka ƙara ƙarfi, kira ni. Bayan zagaye biyun kada hankalinka ya tashi don gaɓoɓi masu haske ba su dawo kan ɗigo ba, haka yake, sai an yi zagaye da yawa suke sake haɗuwa. Makin karanshaf da na kamshaf za ka duba.

Sabon mai, sabuwar filta. Ka cire wayar kwayil, ka yi ta ba shi kiy kaɗan-kaɗan har fitilar mai ta mutu, tenshina ta cika, sannan a tayar. Motar kuma a nan za ta kwana. Gobe da sassafe, inji a sanyaye, kai za ka tayar, ni ina tsaye a gaba ina saurare.