Me ya sa waya mai zafi, siririyar wayar ƙarfe da ake zafafawa da lantarki don auna saurin iska, ke ba da sakamakon da ba daidai ba a iskar Mach 2, wato mai gudu ninki biyu na saurin sauti?

Ka ce ka daidaita na'urarka a iska mai tafiya a hankali, da ka kai ta Mach 2 sai lissafin ya watse. Dole ya watse. A irin wannan gudu, wayar ba saurin iska kaɗai take ji ba: tana jin yawan iskar da ke ratsa ta, wato cunkoson iskar sau saurinta, tare da jimillar zafinta. Ma'aunin wuta ɗaya ba zai raba maka su ba.

Sai ka maimaita awon da matakan zafin waya da yawa, ka raba yawan iskar da zafinta ta hanyar lissafin da masani Kovasznay ya fitar a 1950. Idan ka zafafa wayar sosai, yawan iskar ne ke rinjaye. Amma kada tungusten, ƙarfen wayar, ya wuce digiri 300 na Salshiyas, iskar oksijin za ta cinye shi.

Ka yi amfani da waya mai kaurin maikuron 5 (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), tsawonta ya ninka kaurin wajen sau 200. Ka bar ta da ɗan sako-sako tsakanin ƙafafun da ke riƙe da ita. Idan ta ɗaure tamau za ta riƙa karkarwa, ka ga tsinin ƙarya a sakamako. Ka tace ƙura, kuma ka janye wayar lokacin tayar da iskar, domin bugun farko na tsinka ta.