Likita Ya Amsa: Maganin Kashe Zafi da Ɗakin Gaggawa

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Na ji an ce a Amurka magungunan kashe zafi da likitoci ke rubutawa sun cika ɗakunan gaggawa da majinyata. Gaskiya ne? Kuma yaya za a yi maganin asibiti ya zama guba?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Gaskiya ne. Ana maganar dangin mofin ne, wato magungunan kashe zafi masu ƙarfi, irin su oksikodon, haidrokodon, metadon, kodin da tiramadol. Bayan fitowar OxyContin, wata ƙwayar oksikodon, a 1996 aka shiga rubuta su ba ƙaƙƙautawa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce zuwa ɗakin gaggawa saboda shan su ba bisa ƙa'ida ba ya tashi daga kimanin 144,600 a 2004 zuwa 305,900 a 2008. A 2010 aka sauya haɗin OxyContin don ya yi wuyar niƙawa, daga baya kuma aka tsananta ƙa'idar rubuta magungunan. Sai dai waɗanda suka riga suka kamu ba su daina ba, da yawansu sun koma hodar heroyin da fentanil na bayan fage, wanda ya ninka mofin ƙarfi sau 50 zuwa 100.

Illar a numfashi take. Maganin yana danne sashen ƙwaƙwalwar da ke sa mutum ya ja iska, sai numfashi ya yi ta raguwa har ya tsaya. Haɗarin ya fi yawa idan an haɗa da giya ko maganin barci irin diyazifam, ko kuma mutum ya daina sha na wasu makonni sannan ya koma wa adadinsa na da, alhali jiki ya riga ya manta. Tiramadol kuma, idan ya haura miligiram 400 a rana, yana iya jawo farfaɗiya.

Tambaya: Likita, idan na tarar da wanda ya sha ya wuce kima, me zan fara yi?

Amsa: Malam, ka fara kiran sunansa da ƙarfi, ka murza ƙashin ƙirjinsa da gaɓoɓin yatsunka. Idan bai motsa ba, ɗaga fatar idonsa: baƙin tsakiyar ido zai tsuke kamar bakin allura. Duba cikin leɓe da dasashi, domin a baƙar fata nan ne ake ganin launi ya koma toka-toka. Minshari mai kama da kurkurar maƙogwaro ba barci mai daɗi ba ne, kuma a nan iyalai da yawa ke yaudaruwa su ce a bar shi ya huta.

Ka nemi motar asibiti nan take. In akwai nalokson, maganin da ke karya aikin dangin mofin, na fesawa a hanci, irin Narcan mai miligiram 4, fesa shi duka a hanci ɗaya. Idan minti 2 zuwa 3 suka wuce bai farfaɗo ba, fesa sabo a ɗaya hancin. In ba ya numfashi, ɗaga haɓarsa, toshe hancinsa, ka hura masa iska a baki sau ɗaya kowace daƙiƙa 5. Da numfashi ya dawo, kwantar da shi a gefensa don kada amai ya shaƙe shi. Kada a ɗura masa madara ko ruwa, kada a sa shi ya yi aman dole.

Ko ya tashi ya ce ya warke, a kai shi asibiti. Aikin nalokson yana ƙarewa cikin minti 30 zuwa 90, metadon kuwa yana daɗewa a jini fiye da haka nesa ba kusa ba, don haka numfashi na iya sake ɗaukewa. A tafi da kwalin abin da ya sha: idan haɗe yake da farasitamol, sai an auna jini, domin lalacewar hanta ba ta bayyana sai bayan kwana ɗaya ko biyu.