Ba albarka ce ta guje ka ba, littafi ne ba ka da shi

Wani dillalin albasa a kasuwar Mile 12 ya aiko da wannan tambaya:

"Shekarata 14 a Legas. Fatake daga Aliero da Sakkwato suna turo min kaya ina sayar musu ina cire la'adata, wani lokaci ni ma ina saro nawa. Kuɗi suna bi ta hannuna sosai, amma ban san inda suke shiga ba. Ba na wasa da salla, ina sadaka, ina aike gida duk wata, duk da haka hankalina ba a kwance yake ba, barci ma gagara ta yake yi. Sana'ar ta fita daga raina. Ni ba na rubuta komai, don tun ina yaro nake jin cewa yawan lissafi yana kore albarka, na bar wa Allah. Yanzu wani abokina ya nuna min harkar da ake zuba kuɗi ta waya su ninka a wata ɗaya. Ina so in zuba miliyan 3 in huta da kasuwa, in samu lokacin ibada. Me ka gani?"

Ɗan'uwa, Allah Ya yaye maka. Sau uku na karanta saƙonka, kuma kowane karo wuri ɗaya nake tsayawa, inda ka ce ba ka rubuta komai. Rashin barcin, da gundura da sana'ar, da kwaɗayin harkar wayar, duk daga nan suka tsiro.

Kuɗin nan miliyan 3 da kake son zubawa, na wane ne? Za ka iya dafa Alƙur'ani ka ce babu ko sisin wani bafatake a ciki? Ba za ka iya ba. Ban ce kai maci amana ne ba, cewa na yi ba ka sani ba. Ka duba yadda yininka yake tafiya. Tirela ta iso da asuba ɗauke da kayan mutum huɗu. Ka cika wa direba kuɗin mota, ka sallami 'yan dako, ka biya abin da ake biya na kasuwa. Matan da ke sari su zo, wata ta biya kuɗi hannu, wata ta yi tiransifa, wata ta ce sai jibi. Duk abin da ya shigo asusu ɗaya yake faɗawa, kuma daga asusun nan kake cire kuɗin haya da kuɗin makarantar yara da aiken gida. Mutumin Aliero ya kira ya ce a tura masa nasa, ka ɗebi na mutumin Sakkwato ka biya shi, da niyyar in matan nan sun kawo ka mayar. Shekara 14 kana wannan juyi, ta ina barci zai zo? Zuciyarka ta san akwai haƙƙin mutane cakuɗe a aljihunka, shi ya sa take tashin ka tsakar dare. Ni rahama na ɗauki wannan, domin akwai masu yin abin da ya fi naka suna munshari.

Maganar cewa lissafi yana kore albarka kuwa, ka ajiye ta yau. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ta ce in kun ƙulla bashi zuwa wani lokaci ku rubuta shi, kada ku ƙosa da rubutawa ƙarami ne ko babba, ta kuma faɗi dalili: hakan ya fi adalci a wurin Allah, ya fi tsayar da shaida, ya fi kusa da ku kuɓuta daga shakka. Shakkar nan ita ce ciwonka. An yi rangwame ga cinikin hannu da hannu, amma yawancin naka kayan amana ne da bashi. Ina jin abin da ka ji tun kana yaro ya samo tushe ne daga hadisin da Manzon Allah (SAW) ya ce wa Asma'u 'yar Abubakar ta ciyar kada ta riƙa ƙididdigewa. Wannan a kan kyauta ne da dukiyarka. Buhun albasar wani da aka damƙa maka ba ya cikin wannan babi.

Kuma ina zakka? Ka ambaci sadaka, ba ka ambaci zakka ba. Ɗaya cikin 40 ake fitarwa daga dukiyar kasuwanci in ta kai nisabi, wato kimar dinari 20, kusan giram 85 na zinariya, shekara ta zagayo a kanta. Wanda bai san jarinsa ba, ɗaya cikin 40 na me zai fitar? Wataƙila ta hau kanka shekaru ba ka bayar ba. Wataƙila kuma sadakar da kake rabawa ranar Juma'a da kuɗin fatake kake yin ta.

Na san wani dillalin tumatir a kasuwar taku, mutumin kirki, sahun farko ba ya wuce shi. Shi ma kansa ne littafinsa. Ciwon kwana biyu ya yi ya rasu. Ba a yi sadakar bakwai ba sai ga masu kaya sun fara sallama, kowa da adadin da yake bi. Waɗanda marigayin ke bi kuwa, ƙalilan ne suka ji tsoron Allah suka zo da kansu. Da aka laluba aljihun rigarsa, abin da aka samu shi ne guntun kwalin sukari da lambobi shida a jiki, babu suna ko ɗaya. Ina zaune babban ɗansa ya riƙe kwalin nan yana juya shi, yana tambayar dattawa ko akwai wanda ya gane. Ƙarshe gonar gado aka sayar a gida aka biya, har yau kuma iyalan ba su tabbata ko sun biya ƙari ko da saura ba. An ruwaito cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. Duk sanda na tuna da kwalin nan sai jikina ya yi sanyi.

Harkar waya ba zan ɓata maka lokaci a kanta ba. MMM, wata harkar zuba kuɗi irin wannan, ta rufe da kuɗin mutane a Disambar 2016, wata irinta mai suna CBEX ta yi haka a Afrilun 2025, kuma kafin su rufe kowa yana da abokin da ya rantse an biya shi. Ka tambayi abokin naka wace haja ake saye, wa ake sayar wa, ribar daga ina take fitowa. Kai da ka san wahalar da ke cikin la'adar buhu ɗaya bai kamata a ce maka kuɗi suna ninka kansu a kwana 30 ka tsaya saurara ba. Kuma wace irin ibada za ka zauna yi da kuɗin da ba ka san halaccinsu ba, bayan ma ba ka tabbata naka ne ba?

Akwai wani abin da ke ruɗar ka. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, kuɗin mota da farashin kaya suka tashi, lambobin da ke shiga wayarka sun kumbura. Ganin miliyoyi suna wucewa sai ka ɗauka ka yi ƙarfi. Kada ka auna jarinka da naira, ka auna shi da buhu. In a da kuɗinka na kanka suna saro buhu 60, yau kuma 35 suke iya sarowa, to baya ka ci, ko da adadin ya ninka.

Ka ce kana neman lokacin ibada. Manomin da ya yi watanni yana ban ruwa a fadama, ya ɗora guminsa a mota ta yi kwanaki a hanya, ta ratsa Jebba ta gangaro har Ikko, bai bi kayan ba saboda ya yarda da kai. Ranar da ka kira shi ka ce buhu kaza na sayar a kaza, biyu sun ruɓe ga hotonsu na tura maka, ga kuɗinka cif, to ibada ka yi wuni guda a tsaye cikin ranar nan da caɓi. Tirmizi ya ruwaito cewa ɗan kasuwa mai gaskiya da amana yana tare da annabawa da siddiƙai da shahidai. Daɗin sana'ar da ka ce ya ɓace maka a nan yake, kuma ba za ka ɗanɗana shi ba muddin gabanka na faɗuwa duk sanda lambar Aliero ta bayyana a wayarka.

Gobe kafin ka shiga kasuwa ka sayi babban littafi mai bangon kwali. Kowane bafatake shafinsa, kowace mai ɗaukar bashi shafinta. In boko na ba ka wuya ka rubuta da ajami, babu wanda ya ce dole sai da Turanci. Kada ka miƙa wa yaron shago ko ƙaninka ka juya baya. In ma wani zai rubuta, kai za ka duba bayan isha'i kullum. Ka buɗe asusu na biyu, kuɗin fatake kawai ke shiga, ba a taɓa shi ko da sallah ta matso. Ka yanka wa kanka abin da za ka riƙa ɗauka a wata daga la'adarka, aiken gida ma daga ciki zai fito.

Abu mafi nauyi shi ne kiran masu kayanka ɗaya bayan ɗaya ku daidaita lissafi. Mai yiwuwa ka tarar da giɓi, mai yiwuwa rabin miliyan 3 ɗin ba naka ba ne. In haka ta faru ka faɗa musu gaskiya ku yanka lokacin biya, a rubuce, da shaidu biyu. Abin da ya rage bayan nan shi ne jarinka, shi za ka kai wa limaminku ya taya ka duba zakkar shekarun baya. Bayan kwana 40 ka rubuto min adadin da ka samu, mu ga ko zai ɗauki sarin kanka bana ko sai ka tsaya a dillanci tukuna.