Kafin ka sayo wa Alhaji akwatin fono

Ka ce ka jona garmahon da Alhaji ya kawo, na marigayi mahaifinsa, da amfilifaya ta ramin AUX, ka murɗe murya har ƙarshe, amma abin da ke fitowa sai ka ce sauro a cikin gwangwani. Kana tambaya ko allura ce ta mutu, in kuma ba ita ba ce, wane akwatin fono, wato ɗan akwatin da ake sawa tsakanin garmaho da amfilifaya, za ka sayo, mai tsada ko mai araha. To yaro, ajiye sukudireban nan ka jawo benci.

Allura lafiyarta ƙalau. Da ta mutu, ƙarce-ƙarce da tsalle za ka ji, ba ƙanƙancewar murya ba. Ni ma ina yaron shago na taɓa sa wani bawan Allah ya canza sifikunsa biyu a kan irin wannan matsala, daga baya maigidana ya zo ya zare waya daga wannan rami ya soka a wancan, sai ga kiɗa ya cika shago. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Aikin akwatin nan iri biyu ne, mutane kuwa ɗaya suka sani. Na farko ƙara ƙarfi. Wutar da kan allura ke fitarwa 'yar mitsitsiya ce, milibolt (kashi ɗaya cikin dubu na bolt) 3 zuwa 5 a yawancin kawuna, shi kuwa ramin AUX yana jiran wajen milibolt 300 ko fiye, irin wanda dek ɗin kaset ke ba shi. Ka ga sai an ninka ta kamar sau 100.

Na biyun shi ne wanda nake so ya zauna maka a kai. Lokacin da ake yanka faifai, da gangan ake rage kaurin murya, a ƙara sirantarta. Dalili kuwa, bugun ganga mai kauri yana sa layin faifai ya yi lanƙwasa mai faɗi, ya cinye fili, har allura ta yi tsalle. In aka rage shi sai waƙar minti 20 ta shiga gefe ɗaya. Siririyar muryar kuma ana ɗaga ta ne don in an zo saurare aka mayar da ita daidai, shuuu ɗin faifai da ƙura su yi ƙasa tare da ita. Kamfanonin faifai na Amurka sun tsaya a kan ma'auni ɗaya a 1954, shi ake kira RIAA: a can ƙasa wajen hatiz 20, wato murya mafi kauri, an rage kusan desibel 20 a ma'aunin ƙarfin sauti, a can sama wajen hatiz 20,000, murya mafi siranta, an ƙara kusan haka. Akwatin fono shi ke juya wannan. Shi ya sa ko ka samo amfilifayar da ake wa'azi da ita a fili ka jona kai tsaye, ƙarar za ta ƙaru, amma gangar ba za ta dawo ba.

Yanzu, kafin ka taɓa kuɗin Alhaji, juya bayan amfilifayarsa. Irin Kenwood da Pioneer da Sansui na shekarun 1970 da 1980 kusan duk suna da rami mai rubutun PHONO da 'yar ƙusa a gefensa mai rubutun GND, inda ake ɗaura siririyar waya ta uku ta garmaho. In akwai, akwatin yana ciki tun daga kamfani, kuma sau da yawa ya fi wanda za ka sayo a kasuwa. In gefe ɗaya ya yi shiru ko yana ƙara, goge ramin, duba kondensa, aikin rabin yini ne. Sababbin garmaho kuma irin Audio-Technica AT-LP60 da AT-LP120 da nasu suke zuwa, da ɗan makunni a baya, PHONO ko LINE. Kada ka kuskura ka bar shi a LINE sannan ka soka a ramin PHONO. Akwati biyu ne suka ninka wutar ke nan, murya za ta fashe, sifika ta riƙa huci kamar za ta yage.

In babu ko ɗaya, sai saye. Amma ba farashi ke zaɓa ba, kan allura ke zaɓa. Karanta lambar da ke jikinsa. In MM ne, wato maganaɗisu ke motsi a ciki, irin AT-VM95E mai milibolt 4 ko Ortofon 2M Red mai 5.5, to ninki 100 da lodin om 47,000 (ma'aunin turjiyar da wutar ke tararwa a akwatin) yake so, kuma kowane akwatin MM haka aka yi shi. Yadda za ka gane shi da ido, allurar MM tana zarewa a sa sabuwa. In MC ne, wato nannaɗaɗɗiyar waya ke motsi a ciki, irin Denon DL-103 da ke ba da milibolt 0.3 kacal, wannan sai ninki 1,000 da lodi ƙarami, wajen om 100 zuwa 'yan ɗaruruwa. A nan ne araha ba ta ado, don akwatin banza in ya ninka sau 1,000, tare da hayaniyar kansa zai ninka. Sai dai a shekarun da na yi a wannan sana'a, MC ɗin da suka shigo shagon nan ba su cika yatsun hannu ba. In na Alhaji MM ne, kada ka sa shi biyan kuɗin MC da ba zai taɓa amfani da shi ba. Ƙaramin Pro-Ject Phono Box MM ko Rega Fono Mini ya ishe shi har jikokinsa.

Waɗannan akwatunan masu kwalabe biyu a kai, irin na tsofaffin rediyo, suna walƙiya da shuɗiyar fitila, ana sayar da su kuɗin cefane, ni ban yarda da su ba. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Na buɗe wasu na tarar kwalbar kusan ado ce, wani ɗan guntun IC ke yin aikin.

Akwai kuma kan allura iri na uku, na siramik, a tsofaffin rediyogiram da garmahon jaka. Shi wutarsa da yawa, ba ya shiga ramin PHONO sam.

Sauran magana ta wuta ce, kuma ita ke kashe kaya a wurinmu. Na Amurka da bolt 120 yake zuwa, tamu 230 ce; karanta jikin adafta kafin ka soka. Wasu adaftocin AC suke fitarwa ba DC ba, don haka in ta ɓace kada ka ɗauko kowace caja a durowa. In ka ji ƙugi mai kauri wanda ba ya canzawa ko faifai ya tsaya, hatiz 50 ɗin wutar NEPA ce ta shigo. Ɗaura siririyar wayar nan ta uku a ƙusar GND ta akwatin, ka nisanta shi da taransifomar amfilifaya da sitabilaiza. Wayar da ke tsakanin garmaho da akwati ta zama gajera, kamar mita ɗaya, don doguwa tana canza kaifin muryar MM, tana kuma kwaso ƙugi. In tsawo ake buƙata, a ƙara bayan akwatin.

Ka kuma tambayi Alhaji ko a cikin faya-fayan akwai masu nauyin nan da ke fashewa, masu gudun 78. Allurarsu daban ce, mai kauri, kuma yawancinsu an yanka su kafin RIAA, kowane kamfani da nasa ma'auni.

Tashi ka haska bayan amfilifayar da tocila. In ka ga PHONO, mayar da wayar can, ɗaura GND, rage murya kafin ka kunna. In babu, rubuto mini lambar kan allurar a takarda, bayan la'asar mu shiga Sabon Gari tare.